Wadda Ba Ta Zama a Jikin Kaza

Tun da zazzaɓin Aku ya sake dawowa, Maman Aku ta daina yarda da firjinta. Sai ta buɗe shi ta tsaya tana ƙare wa ƙwai da madara da ragowar miya kallo, kamar ɗaya daga cikinsu zai gaji ya amsa laifi. In sanyi ya dame ta ta rufe, kafin ta kai ƙofar kicin ta dawo ta sake buɗewa.

Aku 'yarta ce, ita kaɗai ce kuma, ko firamare ba ta shiga ba. Surutu ne ya jawo mata sunan. Yarinyar da in ta rasa mai saurarenta take zama ta yi hira da takalmanta, yau ga ta kwance a gadon asibiti da robar ƙarin ruwa a hannu, in an tambaye ta abu sai dai ta gyaɗa kai. Kwanciyar nan ba ita ce ta farko ba a bana, ba kuma ta biyu ba. Kullum labarin ɗaya ne. A yi allurai, zazzaɓi ya sauka, ta dawo gida ta cika wa mutane kunne, sai a wayi gari jiki ya sake ɗaukar zafi. Wannan karon likitan yara bai yi musu murmushin da ya saba ba. Ya ce hanjin yarinyar ya gaji, kuma ba ya son ya faɗi abin da zai biyo baya in ta koma gida ta sake haɗiyar abin da ke kayar da ita.

"Gwajin jininta ya nuna salmonela," in ji shi. "Ta baki take shiga, ba iska ke kawo ta ba. Ku nemo inda take samunta kafin in sallame ta."

Maganar ta yi wa Maman Aku zafi, don kuwa aikinta ke nan. A ɗakin gwajin abinci take aiki. Kamfanoni su aiko da madara da nama da ruwan roba, ita ta shafa a faranti, ta sa a ɗumi, washegari ta duba abin da ya tsiro ta ce wannan a sayar, wancan a zubar. Mijinta, wanda gyaran lantarki ne sana'arsa, Likitar Kaza yake kiranta in tsokana ta motsa masa. To ga Likitar Kaza, mai tsare cikin mutanen da ba ta taɓa gani ba, ta kasa tsare na 'yar da ta haifa.

Abin haushin ma, in akwai gidan da cuta za ta ji kunyar shiga, to nasu ne. Tun farkon shekara Inna, mahaifiyarta, ta dawo wurinsu da zama don ta riƙa kula da Aku in sun fita aiki. Inna kuwa mace ce da ke ɗauraye sabulu kafin ta wanke hannu da shi. Tun kwanciyar farko ta kafa dokarta: ba abincin waje, ba alewar shago, ba kofin maƙwabta. Ko uban yarinyar ne ya shigo da biskit, sai dai ya ɓoye shi a jakar kayan aiki. Duk abin da zai shiga bakin Aku, Inna ke dafawa, ita ke fifita shi ya huce, ita ke ba ta. Yanzu ma kullum da safe tana kan hanyar asibiti da kwandonta.

Maman Aku ta yi abin da hannunta ya saba. Ta kwaso tsinkayen auduga daga wurin aiki ta bi gidan tana shafawa, daga katakon yanka nama zuwa bakin famfo, daga soson wanke-wanke zuwa ɓawon ƙwai, har ruwan da ke tsiyaya daga ɗanyar kazar da ke ƙasan firji. Inna na biye da ita tana tsaki.

"Shafa da kyau," ta ce. "In kin sami wani abu a kicin ɗin nan ki kawo mini shi in ga ƙeyarsa."

Farantan duk suka fito fes, ban da guda. A na kazar wasu ɗige-ɗige sun tsiro, jajaye masu baƙin ido a tsakiya. Ba sai an gaya mata sunansu ba. Wani daɗi ya kama ta, irin mummunan daɗin nan na wanda ya damƙe ɓarawo, kuma daɗin ne ya sa ta gaggawa. Ko safar hannu ba ta gama cirewa ba ta kira mijinta.

"Baban Aku, na gan ta. A kazar take."

Baban Aku mutumin kirki ne, sai dai zuciyarsa kamar fis ɗin lantarki take, ba ta jure zafi. Ya sauko daga tsani, ya bar wa mutane silin a buɗe, ya nufi rumfar mai kaji. Mai kajin nan shekara da shekaru a wurinsa suke saye, har tambayar jikin Aku yake yi. A gaban masu saye Baban Aku ya wanke shi tas, ya ce guba yake sayar wa jama'a, ya ce 'yarsa na kwance saboda ƙazantarsa. Wata mata ta ajiye kazar da aka riga aka fige mata ta yi tafiyarta. Da ya dawo gida ya ba matarsa labari yana huci, yana jiran a yaba masa. Ita kuwa ba ta yaba ba.

Ta san abin da ya hana ta. Inna ba ta sauke kaza sai nama ya rabu da ƙashi don kansa. Babu ƙwayar cutar da za ta shiga tukunyar Inna ta fito da rai. Ta juya maganar ta nan, ta juya ta can, ta ce wataƙila wuƙa, wataƙila katako. Amma ai ta shafa wuƙar, ta shafa katakon, ba abin da ya tsiro.

A hawa na sama na wurin aikinsu akwai wani mutum da kowa ke kira Tabarau, shi ke kula da injin da ke karanta ƙwayoyin halitta. Ba ya son a dame shi, ba ya kuma son a manta da shi. Ta kai masa abin da ya tsiro daga kazar, ta haɗa da wanda ta roƙo daga ɗakin gwajin asibiti, na jinin Aku. Ta ci sa'a ba su zubar da na kwanciyar baya ba, yana nan a firizarsu, shi ma ta karɓo.

"Me kike so in gaya miki?" ya tambaye ta, bai ɗago ba.

"Ka ce mini duk abu ɗaya ne, in huta."

"Injin nan ba ya jin roƙo. Ki tafi, zan kira ki."

Jira ba halinta ba ne, ga shi an ɗora mata shi. Ta zauna a kujera, kujera ta ƙi zaunuwa. Ta hau bene ta kai rabi, ta tuna fuskar Tabarau, ta sauko. Ta rubuta sunan kamfanin madara a kwalbar kamfanin ruwa, ta goge, ta sake rubuta shi a wurin. Da an tashi ta tafi asibiti, da ta isa asibiti kuma hankalinta ya koma wurin aiki. A can ta tarar jikin Aku ya fara sauƙi, har ta ce nas ɗin safe ta fi ta yamma iya allura. Inna na zaune a bakin gado, ta tsoma ƙaramin yatsanta a kofin shayi ta ji zafinsa, ta murmushe ayaba da hannu tana ɗura wa jikarta.

"Ci, ƙawata," take cewa. "Uwarki takarda ta sani, ni na san ciki."

Ranar da Tabarau ya kira ta, ba ta san yadda aka yi ta kai saman benen ba. Ya juyo mata allon kwamfuta. Wani zane ne kamar rassan bishiya, kowane reshe da ɗigo a bakinsa.

"Zo ki ga dangi," ya ce. "Duk waɗannan salmonela ne. Sunan kaka ɗaya, gidaje daban-daban, wasu ko gaisawa ba sa yi. Ga ta kazarki can gefe. Irin mai sa gudawa ce, mutum ya yi 'yan kwanaki ya miƙe ya ci gaba da zagin mai abinci. Ga ta 'yarki nan, a wani reshe can daban."

Ta matso. Ɗigo biyu ne, ɗaya a kan ɗaya, sai an ƙura ido ake gane ba guda ba ne.

"Ta yanzu da ta kwanciyar baya abu ɗaya ne, ko harafi ba su saɓa ba. Daga wuri ɗaya take ɗebo ta ke nan. Kin ga wannan yankin a rubutun jikinta? Shi ke saƙa mata riga ta lulluɓa, sojojin jiki su wuce ta ba su gane ta ba, ta shige jini abinta. Ta kazar ba ta da shi. Nan kuma duba, kayan da 'yan uwanta ke zama da su a cikin dabba, nata duk sun lalace. Ba ta zama a jikin kaza. Ba ta zama a saniya, ko ɓera."

"A ina take zama?" ta ce. Ta san amsar, ta karanta a makaranta, amma ta fi son ta fito daga bakin wani.

"A mutum. Taifot ce ta gaske, ba wadda ake laƙa wa kowane zazzaɓi ba. Akwai wanda ke ɗauke da ita yana yawonsa lafiya ƙalau, ko ciwon kai ba ya yi. Takan maƙale a maɗaciya, musamman in akwai tsakuwa a ciki, ta riƙa fita a bayan gida jefi-jefi. Mutum ya wanke hannu, ɗan abin da ya rage a ƙarƙashin farce ya isa." Ya cire tabaraunsa ya goge. "Ke mai gwajin abinci ce, shi ya sa kika tafi firji. Ki bar firji ya huta, ki duba hannuwa."

A kan matakala ta zauna, mutane na raɓa ta suna wucewa. Da a wani gida ne, da hannuwan sun yi yawa, a ce mai sayar da abinci, a ce maƙwabta, a ce baƙi. To dokar Inna ta riga ta share su duka. Hannuwan da suka rage nata ne, da na mijinta, da na mahaifiyarta. Nan take ta zaɓi nata. Ai ita ke wuni da ƙwayoyin cuta, ita ta fi kusa da kwaso su ta kai gida. Ta so ya zama ita ce, ta so hakan da dukan zuciyarta, don nata laifin za ta iya ɗauka. Sai dai can ƙasan ranta tana jin muryar Inna tana cewa gefen cikinta na dama na soke ta in ta ci mai, kuma ta ƙi tsayawa ta saurari muryar.

Da ta koma gida ta gaya wa Baban Aku.

"Yanzu da wane ido zan kalli mai kajin nan?" ya ce.

"Da wanda ka zage shi da shi. Ni na jawo, tare za mu je." Ta miƙa masa 'yar kwalba mai murfi da cokali a manne. Ta yi masa bayanin abin da ake so a ciki.

Ya ɗaga kwalbar ya duba ta a haske. "Lallai aure ya kai inda ya kai," ya ce. Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai sa rai ba.

Na Inna ne aiki. Maman Aku ta shiga kicin da kwalbar a aljihun riga, ta fita. Ta sake shiga ta buɗe famfo, ta rufe. Inna na yanka albasa, ba ta juyo ba.

"In magana ce ki yi, kin hana ni ganin haske."

"Inna, gwaji za a yi mana, mu duka. Ni da Baban Aku mun bayar."

"Jini? Su ɗiba, in sun samu."

"Ba jini ba." Ta ajiye kwalbar a gefen katako. "Bayan gida."

Wuƙar ta tsaya. Inna ta kalli kwalbar, ta kalli 'yarta tun daga sama har ƙasa.

"Ni na wanke naki, yau ke za ki duba nawa. Karatun ke nan."

"Cutar a jikin mutum take ɓuya, Inna. Mai ita ba ya sani. Wataƙila ma ni ce."

"To ke ce mana. Wa ke wuni da ruɓaɓɓen nama in ba ke ba? Ni rabona da kwanciya tun ba a haife ki ba." Ta ci gaba da yanka, da ƙarfi yanzu. Can ta ce, "Ɗauke mini ita daga kusa da abinci. Ki ajiye a ɗaki. Don ƙawata zan yi, ba don ke ba."

Daga nan kwanakin suka zama wani abu da Maman Aku ba ta son tunawa. Ba ta da abin da za ta nuna, saboda haka ba ta da bakin cewa Inna ta daina girki, ga shi kuma ba ta iya zuba ido. Sai ta koma 'yar dabara a gidanta. Ta ce likita ya hana ayaba. Ta ce shayin asibiti ya fi dacewa da maganin. Ta riƙa riga Inna tashi ta karɓe kwandon, ta sake tafasa romon a ɓoye, ta zuba a wani kwano. In ta bar Inna da yarinyar ta tafi aiki, tana isa take kiran nas ta ce don Allah kada a ba Aku komai sai ta zo. Nas ta ce to, da muryar wadda ke da gadaje da yawa. Inna kuwa ta daina yi mata sannu da zuwa.

Da hannunta ta shafa samfuran, da hannunta ta sa su a ɗumi. Da safe ta fara da nata, ta ɗaga shi ta duba, ta sake dubawa ta wani gefen kamar za ta roƙe shi. Babu komai. Na Baban Aku ma babu. Na Inna ta bar shi a rufe, ta je ta wanke hannu, ta gyara kwalaben da ba su buƙatar gyara, sannan ta dawo ta buɗe. Suna nan, 'yan ƙanana, ba yawa.

Ko a nan ba ta saki ba. Ai Tabarau da bakinsa ya ce gidajen da yawa. Ta kaza ma suna ɗaya ne da ta Aku, ga shi ba ruwanta. Wataƙila Inna wata can ta kwaso, baƙuwa mai wucewa. Ta riga ta yi gaggawa ta ɓata wa bawan Allah suna a gaban masu saye, ba za ta yi wa uwarta haka ba. Ta haura da farantin.

Wannan karon Tabarau bai ce injin ba ya jin roƙo ba. Ya karɓa ya ce zai sa shi gaba da na kowa.

Jiran ya zo daidai da maganar sallama. Likita ya ce zazzaɓi ya sauka, gadon kuma ana buƙatarsa. Ta roƙe shi ya ƙara mata lokaci, ya ce kaɗan. Aku ta fara hira da ƙarfen da ake rataya ruwa, ta sa masa suna Dogo. Baban Aku ya je wurin mai kaji shi kaɗai, bai jira ta ba, ya dawo ya ce mutumin ya amsa gaisuwa amma bai ɗago ba. Ita dai kunnenta na kan waya, ko wanka za ta shiga sai ta ajiye ta a bakin ƙofa.

Da azahar Tabarau ya kira, ta haura. Bai juyo mata allon da wasa ba, ya nuna da bakin biro kawai. Ɗigon Inna ya hau kan na Aku ya zauna daram.

"Ba ta yiwuwa Aku ce ta shafa mata?" ta ce. "Inna ke mata wanki, ita ke kai ta bayi."

"Na yi wannan tunanin. Amma a farantin tsohuwar na tsinci 'yan uwa da dama, kowacce da ɗan bambancinta, irin wanda sai an daɗe a wuri ɗaya ake tarawa. Ta yarinyar ɗaya ce daga cikinsu. Kuma tsohuwar zuri'a ce, magungunan zamanin nan ma ba ta san su ba. Ta daɗe a jikin mai ita, ba bana ba, ba bara ba." Ya ajiye biron. "Tana jin magani, wannan ne mai daɗin. In magani bai fitar da ita ba, a cire maɗaciyar."

Ba ta tsaya godiya ba. Ta duba waya ta ga lokacin da Inna ke komawa asibiti ya wuce. Motar haya ta shiga cunkoso ta tsaya cik, direba na ta hira da na kusa da shi kan farashin taya. Ta kira nas, ba a ɗauka ba. Ta kira Inna, wayar na gida kamar kullum. Ta sauka ta ƙarasa da ƙafa, jaka na dukan ƙugunta.

Ta tarar da su cikin nishaɗi. Inna ta shimfiɗa tawul mai tsabta a cinya, ta yanka lemo gida biyu, tana matse shi da hannu a kofi, ruwan na bin yatsunta yana ɗiga ciki. Aku na zaune ta miƙo hannu biyu.

Maman Aku ta kai hannu ta karɓe kofin. Ruwan ya fantsama a kan tawul.

"Mama, nawa ne," in ji Aku.

"Zan kawo miki wani. Inna, zo mu je waje."

"Ba ni kofin yarinya."

"Inna, don Allah."

Wani abu a muryarta ya sa Inna ta miƙe. Suka fita baranda, inda ake jera kujerun masu jira. Maman Aku ta shirya maganar tun a mota, ta jera ta da kyau, da rassa da dangi da riga. Da ta buɗe baki duk ta watse.

"A jikinki take, Inna. Iri ɗaya ce da ta Aku, babu bambanci."

"Ta kaza ma kin ce ita ce."

"Na yi kuskure a kaza. Wannan na duba, na sake dubawa, wani ma ya duba. Ba ƙazanta ba ce, wallahi ba ƙazanta ba ce. A maɗaciya take ɓuya, sabulu ba ya kai wa can. Akwai magani. Za ki sha na wasu makonni, a sake gwadawa. Kafin nan dai, abincinta da ruwanta..."

Inna ta zauna a kujera. Ta ɗora hannuwanta a cinya, ta juya su, tana kallonsu kamar na aro. Har yanzu da danshin lemo a jikinsu. Maman Aku ta tsaya da kofi a hannu, ta rasa inda za ta ajiye shi. Tausayin uwarta ya cika ta har tana jin kamar ta ce ƙarya take yi.

"Tun yaushe take jikina?" Inna ta tambaya.

"An ce ta daɗe."

"Shekaru?"

"Zai iya yiwuwa."

Inna ta gyaɗa kai a hankali. Wani ma'aikaci ya turo keken marasa lafiya ya wuce, ta bi shi da ido har ya sha kwana.

"Kafin in sami cikinki na yi wani dogon zazzaɓi," ta ce. "Har an fid da rai, na tashi. Ina tashi yayanki ya kwanta. Marigayin, a hoto kawai kika san shi. Kamar Aku yake a lokacin, da kaɗan ya fi ta." Muryarta ba ta rawa, a daidai take. "Ni na yi jinyarsa. Ban bar kowa ya taɓa abincinsa ba. Ya ɗan samu sauƙi, ya koma. Ya ɗan samu sauƙi, ya koma."

"Inna."

"Injin naku zai iya duba wannan?"

"A'a. Sai da abin gwadawa, shi kuwa babu abin da ya rage."

"To ke me kika gani?"

Maman Aku ta so ta ce gidajen da yawa, ta ce zazzaɓi iri-iri ne, ta ce a wancan zamanin ruwan kowa ɗaya ne. Duk gaskiya ne, kuma ta san Inna za ta ji abin da ke ƙarƙashinsu. Ta durƙusa a gabanta, ta ajiye kofin a ƙasa, ta kai hannu za ta riƙe nata. Inna ta janye su ta tura ƙarƙashin mayafi.

"Ban sani ba, Inna," ta ce. "Wallahi ban sani ba."

Daga cikin ɗaki muryar Aku ta taso, da ƙarfinta na da, wanda suka yi makonni suna jira.

"Kaka, ina lemona? Kaka, ki zo."

Jikin Inna ya motsa don kansa, har ta ɗaga daga kujerar. Sai ta koma ta zauna.

"Je ki," ta ce wa 'yarta. "Akwai wani a kwandon, ban taɓa cikinsa ba. Ki wanke bayan da kyau. Ki tace mata, ba ta son 'ya'yan."

"Ke fa?"

"Ki ce mata ina nan waje."